Wutsiyar Kalma

Shekara ashirin da ɗaya ina aikin gandun daji,
ina rubuta sunan gawo da harshen da ban ji,
sunan aduwa, sunan magarya,
kamar mai kwafar laya bai san cikinta ba.
Bana Cima ta shiga jami'a.
Ran Alhamis ta dawo da ƴar takarda:
Baba, an ce mu nemi nahawun Latin,
na masu farawa.
Na ce to.
Ban gaya mata ni ma mai farawa ne ba.

Bayan Kasuwar Dole, kusa da masu gyaran agogo,
Lawali ɗan Tirmini ya shimfiɗa tamfol,
ya danne kusurwoyi da duwatsu.
Ya tono mana uku daga gindin kwali.

Na fari ƙato, nauyin tubali.
Ya ce, wannan na manya ne, komai na ciki.
Komai na ciki kuwa,
yadda ruwa ke cikin rijiya gaba talatin
ga wanda ya zo ba guga.
Gara ta cinye shafukan ƙarshe,
can inda ake ce maka je ka shafi kaza.
Gari guda, ba mai nuna hanya.

Cima ta ɗauki siririn don zai shiga jakarta.
Layi bisa layi, kamar lissafin mai kanti,
ba jimla ko ɗaya.
Na ce, ɗiyata, ba a sanin halin mutum
sai an gan shi cikin mutane.
Kalma ma haka.

Sai na ce, nemo mini ruwa.
Mu mutanen Damagaram ne,
wanda ya san inda ruwa yake shi ne malami.
Ta juya ƙaton har gumi ya karyo mata.
Ta juya siririn, ta iske shi a tsaye, bai jiƙa kowa ba.

Na ukun ba shi da bango,
da zaren buhu aka ɗinke bayansa.
Kafin mai shayi ya juye kofi biyu ta ce, ga shi.
Aqua.
Ƙasa kaɗan, aquam. Can kuma, aquae.
Nan yana gudu, nan an ɗebo shi,
nan ana zancen sanyinsa,
kowanne da ƴar jimlarsa a gefe, gajera.
Kai ɗaya ne, wutsiya ke sauyawa
gwargwadon aikin da aka sa shi.
Na tuna karatun dare a Birni,
Malam Ƙanta yana buga buzu da yatsa:
ku kula da wasalin ƙarshe,
shi ke faɗin wa ya yi, wa aka yi wa.
Ashe mun taɓa gaisawa da baƙon nan,
rigar ce ban sani ba.

A gefen wani shafi, da shuɗin bik,
wani Gonda ya rubuta da Hausa: nan na kasa.
Bayan shafi huɗu, hannun nan dai: na gane.
Cima ta yi dariya. Ni ban yi ba.
Littafin da ya fid da mutum guda
zai fid da na biyu.

Lawali ya ce jaka uku.
Muka tsaya a biyu da rabi.
Ya shafa ƙaton, ya ce, wannan fa?
Na ce, ajiye mata, in ta yi igiya ta dawo.

Da dare an ɗauke wuta, ta yi barci bisa kayenta.
Na jawo shi a hankali, na haska da waya,
na bi sawun rabin sunan gawo,
albida,
na iske danginsa a shafi na ɗari da shida:
fari, mai ɗan fari-fari.

Da safe a hanyar Mirriya na tsai da babur.
Na daga kai, na dubi rassan.
Haka suke kuwa.
Shekara ashirin da ɗaya suna gaya mini.