Nauyin Akwati

Shekara goma sha ɗaya na yi a Abijan,
na dawo Tawa da akwati mai taya
da agogon da ya tsaya tun a Ƙonni.
Kwana uku ana yi mini barka da zuwa.
A na huɗu inna ta ɗaga akwatin don ta yi shara,
ta ji rashin nauyinsa,
ta ajiye a hankali, ba ta ce uffan ba.

Sai na zama ɗan fada.
Kullum gindin bedi, daura da tasha,
shayi na fari mai ɗaci, na biyu, na uku,
ina ba samari labarin teku
har suka fi ni iya ba da shi.
Rana ta fito ta tarar da ni, ta faɗi ta bar ni nan,
kamar turmin da ya tsage:
ba a daka a ciki, ba a kuma yar da shi.

Nomau ne ya tsaya wata Lahadi, ranar kasuwa,
da injin ban-ruwa bisa amalanke.
Bai yi mini wa'azi ba.
Cewa ya yi, "Kai mai dogon hannu, kama mini nan."
Na kama.
Har yau ban saki ba.

Ina da shekara arba'in da biyu na zama yaron shago.
Wani ɗan mitsitsi da bai kai azumi ba
shi ke nuna mini sufana mai lamba goma da mai sha uku,
yana ɓoye dariya cikin hannun riga.
Na ɗaure noti a baibai, na kashe buji biyu,
na zuba mai inda ruwa ke bi.
Nomau kalma biyu ya mallaka a duniya:
"Kwance. Sake."
Girman kai ne ya fi wuyar kwancewa,
ya yi tsatsa, sai da na jiƙa shi da gumi wata bakwai.

Da dare ɗiyata Tsahara kan buɗe littafinta na lakwal,
ta riƙe mini yatsa bisa baƙaƙe.
Ni da na haife ta, ita ke cewa, "Baba, ba haka ba."
Na rubuta sunana karo na farko
ya fito a karkace kamar sawun ƙadangare,
amma nawa ne.

Rani ya tsananta. Nomau na kwance da zazzaɓi.
Aka aiko daga kwarin Tadis:
injin tsoho Arzika ya mutu,
albasa ta sunkuyar da kai kwana biyu.
Na tafi ni kaɗai, gwiwa na rawa.
Na durƙusa, na kara kunne a jikin ƙarfe,
na kwance, na busa, na goge, na mayar.
Ja na fari, shiru.
Ja na biyu, tari.
A na biyar ruwa ya yi tsalle daga bakin tiyo,
ya bi kwali-kwali yana gaida kowane saiwa.
Tsoho ya wanke fuska da shi, ya ce,
"Wa za a ce ya gyara?"
Na faɗi sunana, na ji ya cika mini baki.

Ban yi arziki ba.
Mai kanti na bina jikka huɗu har gobe,
agogon nan ma na buɗe shi sau uku, ya ƙi.
Amma asuba ba ta ƙara samuna ina neman dalilin tashi,
kuma baƙin man da ke cikin farcena
sabulu ya gaji ya bar mini shi.

Jiya inna ta zo shara.
Akwatin nan dai ne, taya ɗaya ta fita,
cike da sufana, filaya, waya da tsumma.
Ta ja, ta sake ja, ta dafe ƙugu.
"Kai, Illo,
zo ka ɗauke wannan abu naka,
ya fi ƙarfina."