Ƙafar Tela

Shekara talatin ina taka keke,
ban je ko Tibiri ba.
Keken ɗinki ne, rumfa ta uku
in ka baro masu goro a Bagalam.
Ƙafa na tafiya, mai ƙafa na zaune,
tumbi na ƙara wa kansa yadi.

Ran da kaina ya sara kamar ana sussuka a ciki,
likita ya ɗaure mini dantse, ya hura, ya saki,
ya ce, "Baba, sha takwas."
Sha takwas ɗin me? Ni awon wuya na sani.
Ya ce, "Rage gishiri. Yi tafiya."
Sai ka ce tafiya a kanti ake sayen ta.

Habsu, ɗiyar maƙwabcina, ta zo amsar ɗinki,
ta ce ran Asabar bayan asuba
ƙofar jami'a buɗe take ga kowa.
Na ce, har wanda bai yi lakwal ba?
Ta ce filin balo ba ya tambayar takarda.

Na ari takalmin ɗana Shafi'u,
ya fi ni lamba biyu,
na cusa guntun shadda a bakinsa.
Mai gadi ya dube ni, na dube shi.
Akwai kuɗin wando tsakaninmu tun azumin bara.
Ya buɗe. Ba wanda ya tada zancen.

Ashe ba ni kaɗai likita ya tsorata ba.
Ga Tsahara mai ƙuli-ƙuli ta ɗaure hijabi a ƙugu,
ga Alhaji Jadi dillalin albasa
ya aje mota can nesa kar a ce ya zo,
ga wani babban malami, wanda ake yi wa ladabi a ofis,
ƙwaurinsa kamar sillen kara,
wani ɗalibi na hura masa usur yana bi.

Zagayen farko ƙirjina ya zama zugazugin maƙeri.
Na biyu ban ƙare shi ba.
Na zauna gindin bedi ina tsine wa Habsu a zuci,
ita ko ta miƙo ruwan leda,
ta rubuta sunana a kaye, ta ce sai wata Asabar.

Lissafi na ɓace mini in ina haki,
don haka na zo da maɓallai bakwai a aljihun dama.
Duk zagaye, ɗaya ya ƙaura zuwa hagu.
Alhaji Jadi ya taɓa roƙon in sayar masa da biyu.

Wata Asabar ba mu ga Tsahara ba.
Aka ce maigidanta ya cika da dare.
Ba wanda ya kira kabu-kabu.
Muka fito ta ƙofar jami'a, mu ashirin da wani abu,
ɗalibai da tsofaffi, da takalman gudu,
har Sura Bildi a ƙasa.
Muka tuɓe su a ƙofar gida, tuli guda,
muka yi addu'a da zufa a goshi.

Jiya Habsu ta ɗaure mini dantse, ta yi shiru,
ta sake hurawa.
"Sha huɗu, Baba."
Na koma rumfa na rage ƙugun wandona yatsa biyu.
Alhaji ma ya aiko da nasa uku a ɓoye, cikin leda baƙa.

Yarinyar ta tara maɓallaina a kaye, ta buga a salula,
ta ce da miƙewa na yi
da na wuce Tibiri tuni,
ina gab da Gidan Rumji.
Na ce a bar ni nan dai.
Akwai wanda zai zo amsar riga da azahar,
ban ko sa mata hannu ba.