Karkarwa

Kuɗin riɗi na kaka uku
na zube a teburin kamfani a Kano.
Suka ba ni makulli da takarda mai hatimi:
shekara biyu,
duk abin da ya lalace don kansa, nasu ne.

Wata huɗu tana sulɓi
kamar man shanu a kan tuwo mai zafi.
Sai wata Alhamis, a hanyar Maigatari,
da allura ta taɓa tamanin
wani abu ya taso daga ƙarƙashin kujera,
ya bi gadon bayana har haƙora.
Madubi ya raba kowace bishiya biyu,
goron da na ajiye a gaba ya gangaro da kansa.
Na sassauta, ta yi shiru.
Na taka, ta dawo.

Cindo bakanike, a gindin darbejiyarsa,
ya tsuguna, ya leƙa, ya goge hannu a wando.
"Kafin la'asar zan iya kwance ta.
Amma da sifanata ta taɓa noti ɗaya
takardar nan taka sai dai ƙunsa ƙosai.
Koma inda ka sayo."

Zuwan farko suka ɓamɓaro busasshen taɓo daga cikin ƙafafun,
suka ce, "Hanyar ƙauyenku ce, Alhaji."
Ban kai Gezawa ba ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Zuwa na biyu suka ce balansi ne,
suka manna 'yar dalma a bakin kowace taya,
wannan kuma, in ji su, ba ya cikin garanti.
Na biya.
Na kwana a benci a tasha,
buhunan zoɓona na can na jiran mota a gida,
dillali na ta bugo waya.

Na uku na taho da Baba Nomau,
ranar ganin likitansa ce.
Na bar shi a ɗakin baƙi, sanyin na'ura na dukansa,
ya cusa hannayensa cikin riga.

Injiniyar da ta fito ƙarama ce, Rumasa'u,
da baƙin mai a gefen mayafinta.
Ita kaɗai ta tambaye ni:
"A hannu kake jin ta, ko a kujera?"
Na ce a kujera.
Ta ce, "To, sun yi ta neman akuya a garken da ba ta shiga ba."
Ta cika kofi da ruwa, ta dasa shi tsakaninmu,
muka hau titi.
Sittin, ruwa na barci.
Saba'in, ya fara murmushi.
Tamanin, ya yi tsalle ya jiƙa mana gwiwa.

Aka ɗaga motar sama kamar sa a mahauta.
Ta kama farfela ta girgiza,
na ji ƙwas, ƙwas, a mahaɗa.
"Da ciwonta ta baro masana'anta.
Ba hanyarku ba ce, ba tuƙinka ba ne."
Akwai sabuwa a sito.
Na sa hannu a wuri uku, ko kwabo ban bayar ba.
Kuɗin balansi dai ya bi ruwa.

Da yamma muka kamo hanya.
Tamanin. Casa'in.
Kofin da ta bar mana bai ko motsa ba,
har ina ganin rufin motar a cikinsa.

Baba ya miƙa hannu zai sha.
Kafin kofin ya kai bakinsa
rabi ya zube a kan rigarsa.
Likita ya ce wannan ba a warkewa, sai dai a rage.
Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya yi 'yar dariya:
"Ni kuma tawa takardar, wa ya ajiye ta?"

Na sauka gefen titi, kusa da masu kankana,
na kashe inji.
Na riƙe masa gindin kofin
har ya shanye.