Hantar da Aka Hana Ni Sayarwa

Ran Lahadi, kasuwar Gujungu,
na farke cikin bijimi, hanta ta faɗo da tauri,
jijiyoyinta fari fat kamar igiyar rama.
Na tsaga. Ga su nan kwance falan-falan,
sai ka ce ganyen darbejiya da ya kwana a ruwa.
Duba-gari ya leƙo, ya ce a binne.
Ribar mako ta bi rami.

Barira ce ta tare ni: "Baba, dakata."
Ta tsinci bakwai da tsinken tsire,
ta jefa a kwalba mai warin asibiti,
ta koma makaranta da su cikin jaka.
Na ce wa uwarta, kuɗin gonar fadama
tsutsa muke karanta wa.

Sai bayan girbin shinkafa ta dawo.
Bayan lisha, a kan buzuna,
ta miƙo waya: toka-toka, ɗigo-ɗigo,
kamar bayan tsohuwar ƙwarya.
Ta ce wannan cikin tsutsar ne,
ita ce mijin, ita ce matar, a fata ɗaya,
nan kuma rumbun irin namijin.

Ƙwaya guda ke rabuwa biyu,
biyu huɗu, huɗu takwas,
har talatin da biyu, ba wanda ya bar ɗan'uwansa,
duk kai a haɗe wuri guda
kamar 'yan gayya a kan akushi.
Kowanne ya fid da wutsiya, ba ɗaya ba, biyu,
su buɗe dama da hagu kamar ƙahon rahaji,
sannan su lanƙwaso, su kwanta a jiki, su manne,
abu ya zama zare.

Na ce, ke, wa ya gani?

Ta ce yanka shi ake a gicciye.
Ni da ake zuwa tun daga Ringim
kallon yadda nake shimfiɗa kilishi
har rana ta ratsa shi,
wai nawa yankan katako ne a wajen nasu.
Na haɗiye wannan, bai wuce da daɗi ba.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu:
tara sun yi da'ira, ɗaya a tsaka,
kamar dattawa sun sa mai laifi a gaba.
"Na sa, na rago, har na mutum, biyu ne a tsakiya.
Ita ɗaya ta riƙe."
Na ƙirga da farce. Tara. Na sake. Tara.

Ban yafe mata hantata ba.
Har gobe ina zagin katantanwar fadama
da makiyayin da ya kai shanu can.
Amma jiya na sake tsaga wata, ga su,
wuƙa ta tsaya mini a hannu
har yarona Ɗanliti ya ce, "Maigida, ana jira."