Gwangwanin Madara

Kowace asuba, kafin in ɗora ruwan koko,
nakan jefa ƙwallon tsamiya ɗaya
a gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gado.
Yau ɗari da tara.
Da fari ƙarar takan cika ɗaki, don gwangwanin fayau yake,
yanzu ƙwallo kan 'yan'uwansa yake sauka, a hankali.

Ba zan ɓoye ba, na taɓa kaiwa arba'in da ɗaya.
A wani biki a Gyallesu aka miƙo mini lemo,
hancina ya gane shi tun ido bai gani ba.
Na sha.
Da gari ya waye na juye gwangwanin a bakin kwata,
kaji suka rugo, suka tsattsaga, suka watse.
Sai da rana ta yi tsaka na tsuguna
na tsince su ɗai-ɗai, na wanke da sabulu,
na koma ɗaya.

Mai kemis na kwanar layinmu a Tudun Wada
har gobe in ya hango ni sai ya ce, Hajiya biyu-biyu!
Shi ya sa nake zagawa ta bayan injin markaɗe,
tafiyar minti biyar ta koma sha biyar.
Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ran Laraba a-daidaita ke kai ni Shika.
Mu bakwai ne a benci, wani makon shida.
Ga Saratu 'yar Wusasa da ke murza sarƙar wuyanta in za ta yi magana,
ga Malama Kubura, wadda ciwon baya ya kai ta ga ƙwaya
ƙwaya ta raba ta da alli da allo.
Sista Lami ba ta tambayar me kika sha,
cewa take, me kika ji?
Ni kuwa lafiya lau kaɗai na iya,
shekara shida da ita nake rufe baki kamar faifai kan ƙwarya.

Yanzu ina koyon kiran kowa da sunansa.
Wannan mai danne ƙirji da magariba, kewa ce.
Wannan mai hana ni haɗa ido da Inna, kunya.
Wanda nake ce wa fushi,
ashe tsoro ne ya ari zanin fushi ya ɗaura.
In sun zo ba na kora, ba na shayar da su.
Tabarma nake shimfiɗa musu, su zauna, su gaji, su tafi.

Hannun da ke rawa har shayi ya zube
jiya ya zura zare a allura, karo na biyu kacal.
Hula nake ɗinkawa, zanen bai miƙe ba,
amma mai saye a Ƙofar Doka ya ce in kawo wata.

'Yan kunnen Inna da na sayar a Sabon Gari,
ba ta taɓa tayar da zancen ba,
sai dai takan shafa kunnenta in tana tunani.
Na shiga adashi. Kwasata sai bayan Sallah.

Rumasa'u, shekararta bakwai,
ta daɗe tana ɓoye asusunta a buhun masara,
ta ɗauka ban sani ba.
Ɗazu da hadari ya haɗo ta wajen Kufena
na shiga rufe taga,
sai ga asusun a kan dakalin tagar, a fili,
ita kuwa tana waje tana tarar ruwa da tafin hannu.

Ban taɓa shi ba. Na tsaya ina kallo
har feshin ruwa ya jiƙa mini gaban riga.

Ƙwallon gobe yana ƙulle a bakin zanina.
Ba na jefa shi da dare.