Ɗakin Baƙo a Kaka

Na shimfiɗa takardar siminti bisa tabarma,
na ja layi da tsinken dukanci:
Damagaram, Mirya, Gidimuni, Gure,
daga nan gabas, sai gabas,
har takarda ta ƙare, ƙasa ba ta ƙare ba.

Kakana da ƙafa ya je Makka. Shekara tara.
Ya komo da buta ɗaya da haƙori biyu
da wata dariya da ta raka shi har kushewa.
Ni ma na ɗau alkawari ranar da na tashi daga jinya.
Ban ce jirgi ba, ƙafa na ce.
Baki shi ke yanka wuya.

Takalma na ɗinka da hannuna,
fatar jar akuya a sama, taya a ƙasa.
Saura wurin kwana.

Ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo.
Na sa katin jika guda a salula,
na kira Ilu mai tukwane a Mirya.
Ya ce, Tankari, da bazara ce da gidan duk naka ne,
yanzu dammunan gero sun kai rufin zaure,
ni kaina a gindin tsamiya nake kwana
ina gadin masussuka.

Na kira Gwaggo Tsahara a Gidimuni.
Ta ce wake ya cinye ɗakin baƙi,
harawa a sama, gujiya a ƙasa,
ko ɓera sai ya yi sallama ya jira.

Lambar Malam Kiyari na Gure ba ta shiga.
Da ta shiga, yaro ne ya ɗauka:
ɗaki akwai, amma ƴan ƙwadago bakwai ke ciki
da kabewar da ba a ƙirga ba.

Na kife salula.
Shekarar yunwa ɗakuna fayau, ba mai dama maka fura.
Shekarar ƙoshi ga fura har da nono,
ba inda za ka miƙe ƙafa.
Zuwaira na tsinkar yakuwa, ba ta ko ɗago ba:
kai da za ka ƙetare ƙasa uku,
ɗaki ne ya tsaya maka a wuya?

Magariba ta yi.
Duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha,
sai ga sallama a ƙofa.
Wani tsoho ne, daga Tasawa,
kwana shida a ƙafa, sanda da buta,
diddige ya dare kamar tabki a rani.
Gabas ya nufa.
An ce masa nan gidan baduku ne,
maɗaurin takalminsa ya tsinke,
kuma, in da hali...

Na waiwayi zaurena.
Kirgi kan kirgi, bagaruwa buhu huɗu,
ga damin da ƙanena ya aiko jiya daga Dogo.
Ba wurin aje buta.
Maganar Ilu ta taso mini har leɓe,
na haɗiye ta, ta sauka da ƙaya.

Muka yi ta kwasa har bayan isha,
ni da shi da jikata Ubaida.
Gero ya kwana a tsakar gida, raɓa ta sha shi,
Zuwaira ta yi mita har barci ya ɗauke ta.
Shi ko tsakanin warin jima da ƙaiƙayi
ya yi ta minshari kamar a gidan ubansa.

Da asuba ina soka basilla na tambaye shi:
wa ka sani a Mirya?
Ya ce, ba kowa.
To ina za ka sauka?
Ya kurɓi koko, ya share gemu.
Ya ce, wanda ya tambaya daga nesa, babu ake ce masa.
Wanda ya zo da ƙafa, ƙafar ake dubawa.

Takardar simintin nan
Zuwaira ta hura wuta da ita.
Ban yi faɗa sosai ba.
Laraba zan tashi, in an gama sussuka.
Ban sake kiran Ilu ba.
Zai gan ni.