Katin Barau

Shekara ashirin da shida ina kwana a zaune,
bayana jingine da ƙofar arzikin wani.
Yau wani yaro mai nakatayil, a ofis ɗin Ƙofar Ƙaura,
ya turo mini fom da ɗan yatsa:
"Baba, ina shaidarka?"

Na kwance leda.
Ga katin Maraɗi, da Faransanci,
hotona a kai tun ina da sauran baƙin gashi,
damina biyar ina tsaron siton albasa.
Ya juya shi, ya ce na tsallaken iyaka ne,
ba ya ci a kasuwar nan.
Ga takardar Fatakwal mai jan hatimi,
inda muka sha fareti cikin ruwan sama,
aka koya mana kashe gobara da rubuta lambar mota.
Ya ce kamfanin ya mutu,
lasisinsa ya bi shi kushewa.

Ashe takarda ma tana da garinsu.
Ta ƙetare Jibiya, ta zama ganye.
Shi kuwa mai haura katanga ba a neman hatiminsa,
ƙafar da ya hau da ita a Maraɗi
ita ce zai kawo Rafindadi.

Yaro ya shiga lissafi: hoton yatsu goma,
takardar likita, wasiƙar mai unguwa,
mutum biyu masu gida su tsaya maka,
sati uku na horo, kuɗin fom daban.

Na so in tambaye shi wace makaranta ke ba da shaidar
sanin takun mage
da takun mutum mai kwaikwayon mage.
Kwado yana da murya biyu,
ɗaya in mabuɗinsa ya shiga, ɗaya in baƙon ƙarfe ne.
Karen maƙwabta haushi uku gare shi,
na ukun ne kaɗai ke tayar da ni tsaye.

Ban tambaya ba. Na tuna Nomau,
da aka tsinto a tasha, ba mai sanin tushensa,
ya kwana huɗu tare da mu yana raba mana goro,
na biyar ya buɗe wa abokansa ƙofa.
Janareto ya tafi, Nomau ya tafi,
mu muka yi kwana tara a caji ofis.
Da an ɗauki yatsunsa.

Na sayar da akuya.
Na'ura ta ƙi babban yatsana sau shida,
wai ba ta ganin zane. Gora ta cinye shi.
Sai da wata ma'aikaciya, Tabawa, ta shafa mini man kaɗanya
kafin ƙarfen ya yarda ni mutum ne.
A filin horo na tsaya layi da sa'annin jikokina,
malami ya zana katanga a allo,
in an tashi shan ruwa su kewaye ni,
"Baba, ƙarfe nawa barci ya fi nauyi?"
Uku da rabi, na ce. Ku tauna citta.

Ranar Laraba kati ya iso, da igiya shuɗiya.
Jikata Hanne ta karanta, ta toshe baki.
An sa wa harafin farko ƙugiya.
Ɓarau.

Na koma ofis. Barau nake, na ce,
kamar wutsiyar Gobarau, ba mai lanƙwasa a ciki.
Yaro ya ce gyara sai an aika Abuja,
wata uku, in an yi sa'a.

Na rataya abina a wuya, na koma ƙofar kemis.
Daren jiya, wajen uku da rabi,
wani ya tsaya a bakin kwata, ya haska ƙirjina da tocila,
ya daɗe yana karatu.
Sai ya ce, "Sannu da aiki, ban san da kowa a nan ba,"
ya juya ya nufi Ƙofar Marusa.